"Jama'a" Ba Baƙuwa Ba Ce

Kalmar "jama'a" daga Larabci ta zo, daga tushen da ke nufin tarawa, wanda ya haifi Juma'a da jam'iyya da jami'a. Iyakar abin da wani marubuci ya faɗa daidai ke nan, a maƙalarsa da ya nemi a kori kalmar a bar "taro". Sauran maganar kuskure ne babba.

Taro zama ne da ake kira, a watse in an gama. Cincirindo da dandazo yawan kawuna kawai suke nunawa, irin na Kasuwar Kurmi ranar jajibirin Sallah, inda kafaɗa ke gugar kafaɗa. Jama'a kuwa mutane ne da wani abu ya ɗaure su, ko suna wuri guda ko suna warwatse. Da wannan suna aka san mabiyan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda suka bi shi hijira zuwa Gudu a 1804. Ba a ce musu taro, domin ba watsewa suka zo yi ba.

Haka ma matar da gobara ta tashi a ɗakinta da tsakar dare, "wayyo jama'a!" take kururuwa, maƙwabta su fito da bokitai.