Zauren Iyali: Daga Nima Zuwa Kwatano Da Ƙaramin Yaro

 

Duk lokacin da hutun makaranta ya ƙarato, akwai tambayar da matasan magidanta na Nima da Maamobi suke yawan kawo mana, wato shin ana iya ɗaukar yaro ɗan shekara uku ko huɗu a bi da shi hanyar bakin teku ta mota, daga nan Ankara zuwa Lome har Kwatano, don hutu da buɗe ido kawai? Tambayar da kanta sabuwa ce a cikinmu. Iyayenmu sun bi wannan hanya har sun gaji, amma fatauci ne yake kai su, ko biki, ko ta'aziyya, kuma yaro idan an tafi da shi, don ba a sami wanda za a bar wa ba ne. Amsarmu ita ce ana iya yi, kuma tafiya ce mai daɗi, muddin an san inda wahalarta take.

Nisan ba wani abin tsoro ba ne. Daga Ankara zuwa Aflao kimanin kilomita 190 ne, daga Lome zuwa Kwatano kimanin 150. Duka bai kai tafiyar Tamale ba, wadda iyalai suke yi da goyo ba tare da dogon tunani ba. Bambancin shi ne a wannan 'yar gajeriyar hanya akwai ƙasa uku da boda biyu, kuma a boda ne hutun mutane da yawa yake lalacewa tun bai fara ba.

Saboda haka mu fara da takarda. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙungiyar ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu masu Faransanci suke kira CEDEAO, an sa mata hannu a 1979, kuma ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba biza har kwana 90. Abin da ta ɗauke biza ce kurum, shaidar ɗan ƙasa tana nan daram, kuma yaro ma mutum ne mai bukatar tasa. A ganinmu a yi wa yaro fasfo nasa na kansa, a haɗa da takardar haihuwa ta asali, wadda ake bayarwa kyauta a Gana idan an yi rajistar jariri kafin ya cika shekara guda. Iyalanmu masu riƙe da takardun Nijar, Mali ko Burkina Faso su tuna cewa ficewar ƙasashen uku daga ƙungiyar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. A ranar ƙungiyar ta nemi membobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan waɗannan ƙasashe har sai an ba da wata sanarwa, don haka mai irin wannan takarda ya leƙa ofishin jakadancin ƙasarsa ya ji inda magana ta kwana kafin ya sayi tikiti.

Akwai wata matsala da ta shafe mu mu mutanen Zongo fiye da maƙwabtanmu, ita ce ta suna. A al'adarmu yaro yana ɗaukar sunan mahaifinsa na yanka, mahaifiya kuma tana riƙe da sunan nata uban, sai ka iske gida guda mutum uku, suna uku da babu wanda ya yi kama da wani. Ga kuma bambancin rubutu: uba Aboubacar a takardar da aka yi masa a Yamai, ɗa Abubakar a takardar Ankara, wata takarda ta ce Mohammed, wata ta ce Mahamadou. Mu mun san mutum ɗaya ne, jami'in shige da fice takarda ya sani. Sa'annan ga al'adar riƙo, inda goggo ko kaka take tafiya da ɗan da ba ita ta haifa ba, tana kiransa ɗanta, kuma gaskiya take faɗi a ma'aunin gidanmu.

Kada mu ɗauki tambayoyin jami'ai a kan yaro a matsayin wulaƙanci. Wannan gaɓar teku ta yi ƙaurin suna wajen safarar yara. A watan Afrilu 2001 duniya ta zuba ido a kan jirgin ruwa Etireno, wanda ya komo tashar Kwatano da yara kimanin arba'in bayan an hana shi sauke su a Gabon. Bayan haka Gana da Togo suka kafa dokokin hana safarar mutane da yara a 2005, Benin ta kafa tata a kan fita da ƙananan yara a 2006. Don haka idan uwa ce kaɗai za ta tafi da yaro, ko uba kaɗai, a riƙe takardar amincewar ɗayan, wadda aka yi rantsuwa a kanta a gaban hukuma, da kwafin katin shaidarsa da lambar wayarsa. Idan mai riƙo ce, wannan takarda ta zama dole, daga iyayen biyu. A nemi mai Faransanci ya fassara ta, domin daga Aflao zuwa gaba Turancin Ingilishi ba ya ciniki sosai.

Katin allurar cutar shawara, wato mai ruwan ɗorawa, shi ma ana tambayarsa, kuma ba shi ne littafin awo na asibiti ba. Ana yi wa yaro allurar yana wata tara, sai a kai littafin awon a rubuta masa katin tafiya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka wanda katinsa ya wuce shekara goma ba ya bukatar sabuwa. Katin inshorar lafiya na Gana kuwa amfaninsa ya ƙare a Aflao. A ware kuɗin asibiti dabam, a tafi da gidan sauro, da maganin zazzaɓi na yara, da 'yan ƙunshin garin gishiri da sukari na gudawa tare da ƙwayar zinc. Ko an yi wa yaro allurar rigakafin cizon sauro, wadda Gana ta fara bayarwa a 2019, ba ta ɗauke bukatar gidan sauro ba, kuma masaukin bakin tafki sauro ne mai gida.

Game da lokaci, Agusta ya fi mana, domin a bakin teku ruwan sama mai ƙarfi na Mayu da Yuni ya wuce, iska tana da sanyi. Disamba ma ba laifi. A guji kwanakin da ke kewaye da 10 ga Janairu idan za a kwana a Wida, saboda bikin gargajiya na Vodun yana cika garin da baƙi, masauki ya yi wuya ya yi tsada.

Motocin Aflao suna lodi a Tudu. A sammaka, a biya wa yaro kujerarsa ko da direba ya ce a ɗora shi a cinya. Awa uku zuwa huɗu da yaro a cinya azaba ce ga uwa, haɗari kuma ga ɗa. Mai motar kansa ya nemi inshorar ƙungiyar da ake kira Brown Card da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ya ɗaure yaro a kujerar baya. Hanya ta bi ta Tema, ta haye kogin Volta a gadar Sogakope inda ake tsayawa sayen burodi da soyayyen kifi, ta wuce Akatsi da Denu. Aflao da Lome gari ɗaya ne da aka raba da shinge, da ƙafa ake tsallakawa, cikin turereniyar 'yan dako da 'yan canji da masu cewa su za su kai maka fasfo a buga. Fasfo kada ya bar hannunka sai zuwa hannun mai kaki a bayan teburinsa. Mutum ɗaya ya kula da takardu, ɗaya ya kula da yaro, in ya yiwu a goye. Kuɗi kuwa a canza wani abu tun a Ankara a shagon canji mai lasin. Togo da Benin sefa ɗaya suke kashewa, sai dai a nemi ƙananan takardu, don canjin jaka goma yana wuya a wurin mai tasi.

Shawararmu a kwana biyu a Lome. Wanda ya je neman tsohon Zongon da kakanninmu suke ba da labari a tsakiyar gari ba zai same shi ba, an tashe shi a 1977, aka mai da mutanensa arewacin birni, inda ake kira Agoè-Zongo a yau. A can akwai masallatai, da naman da zuciya ta natsu da shi, da Hausa a bakin kowa. A cikin gari babur ne abin hawa, a Lome da Kwatano duka, ana ce masa zemijan, kuma za ku ga uwa da 'ya'ya biyu a bayan ɗaya. Kada ganin haka ya ruɗe mu. Babu hular kwano da ta dace da kan ɗan shekara uku, kuma yaro yana iya yin barci a kan babur. A ɗauki tasi ko da kuɗin ya ninka.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi. Tekun da ke tsakanin Keta da Kwatano ba tafkin wanka ba ne. Gaɓar tana da gangare, igiyar ruwa tana faɗowa da ƙarfi a kan yashi, sa'annan ruwan da yake komawa yana da ja wanda yake kwashe ƙafar babban mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa. Yaranmu na Nima, duk da kusancinmu da teku, yawancinsu ba su iya iyo ba, mu iyayen ma haka. A mafi yawan wuraren babu masu ceto. Abin da muke gani daidai shi ne yaro ya yi wasansa a busasshen yashi nesa da inda ruwa yake kaiwa, babba ɗaya yana zaune kusa da shi ba waya a hannu, in ana son ya taɓa ruwa a cika masa bokiti. Ƙarfin wannan teku a bayyane yake ga mai ido. A Keta ya cinye sashen ganuwar Prinzenstein da Turawan Denmark suka gina a 1784, a Togo kuma ya lashe tsohuwar hanyar mota ta bakin gaɓa, ragowarta tana nan ana gani a cikin ruwa. Masana sun danganta hakan da madatsar Akosombo ta 1965, wadda ta tare yashin da Volta take kawowa, da kuma tashar jiragen ruwa ta Lome ta 1968, wadda ta tare wanda yake tafiya gabas.

Gaɓar Togo gajeriya ce, kilomita hamsin da 'yan kai. Ana wuce Agbodrafo da tafkin Togo, inda kwalekwale yake kai mutane Togoville, kuma kada a shiga da yaro sai da rigar ceto daidai jikinsa. Sai Aneho, wadda ta kasance hedkwatar mulkin Jamusawa har 1897, sai boda ta biyu a Hillacondji. Da an tsallaka a ƙara awa ɗaya a agogo, domin Benin tana gaba da Gana da Togo da awa guda. Grand-Popo tana nan kusa, gari ne shiru mai itatuwan kwakwa, ya fi Kwatano dacewa da kwanan yaro.

Wida ita ce wurin da ya kamata a tsaya a yi tunani. Daga tsakiyar gari zuwa bakin teku akwai hanya ta kimanin kilomita huɗu wadda aka riƙa kora bayi a kanta zuwa jirage, a ƙarshenta aka gina Ƙofar Ba-Dawowa a 1995. Cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa akwai Hausawa, har suka jagoranci tawayen bayi a Bahia ta Brazil a farkon ƙarni na 19. Bayan tawayen Musulmi na Janairu 1835 a can, da yawa aka komo da su Afirka. Daga irin waɗannan masu komowa ne aka sami mutanen Tabom na Jamestown a nan Ankara, kuma zuriyarsu ne suka gina babban masallacin Porto-Novo mai fasalin gine-ginen Brazil a farkon ƙarni na 20. Ɗan shekara huɗu ba zai fahimci wannan ba, kuma ba mu ga amfanin tsorata shi da labarin sarƙa ba. A ɗauke shi hoto a ƙofar, a ajiye masa bayanin har ya yi hankali. Hanyar ba inuwa, a bi ta da mota ko da sanyin safiya. Ɗakin mesa da ke garin wurin ibadar masu shi ne, ana rataya wa baƙi maciji a wuya don hoto. Mu dai da yaro za mu wuce shi cikin mutunci.

Masu tambaya game da salla, tafiyar ta kai ta ƙasaru tun kafin a isa Sogakope, domin iyakar da littafin Risala ya kawo mil 48 ce, wato wajen kilomita 80. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ɗaya sai ya cika sallarsa a can.

Daga Wida zuwa Kwatano kimanin kilomita 40 ne. Birnin yana da hayaƙi da ƙarar babura, kwana ɗaya ko biyu ya wadatar, kuma unguwar Zongo da babban masallacinta suna tsakiyar gari ga mai neman abinci da 'yan'uwa. In akwai dangi a can, a sanar da su tun da wuri, a riƙa musu tsarabar Ankara, amma a kama ɗaki na kanku inda yaro zai yi barcin rana, domin gidan zumunci baƙi ba sa yankewa. Mako guda ya isa zuwa da dawowa. A bar kwana ɗaya a ƙarshe wanda ba a shirya komai a cikinsa ba, a kuma lissafa dawowar yadda za a tsallaka Aflao kafin azahar, don a shiga Ankara da sauran rana.