Kafin jirgin ƙasa ya iso Yendi, a gyara mana maganar tikiti

Ranar 31 ga Disamban 2000, sababbin jiragen ƙasa na Norway suka ƙi tashi da safe. Kwamfutar da ke cikinsu ce ta kasa gane kwanan watan. Shekara guda kafin nan duniya ta yi ta fargabar abin da zai sami kwamfutoci idan aka shiga 2000, aka wuce lafiya, kowa ya saki jiki, ashe abin ranar ƙarshe yake jira. Injiniyoyi suka mayar da agogon baya da wata guda, wato suka shara wa na'ura ƙarya, ita kuma ta yarda, jirage suka kama hanya.

A Switzerland ma an taɓa kafa dokar hana haɗa jirgin da jerin ƙafafunsa ya kai 256 cif. Dalili, tsohuwar na'urar da ke ƙirga su a kan dogo iyakar lissafinta 255, daga nan sai ta koma sifili, ta ce babu komai a kan hanya alhali ga jirgi zindir.

Na yi dariya har da ƙwalla da na karanta waɗannan. Sai kuma na tuna cewa a Yendi nake zaune, inda yaro zai girma ya yi furfura bai taɓa jin ƙugin jirgi ba. Turawa sun fara shimfiɗa dogo daga Sekondi a 1898, ya shiga Kumasi a 1903, nan kuma ya tsaya. Gwamna Guggisberg ya yi niyyar miƙo shi arewa, maganar ta mutu a takarda. Salaga, wadda kakanninmu suka riƙa takowa daga Kano da jakuna saboda goron Gwanja, har yau mutanenta kwale-kwale da fanton suke jira a Makango kafin su tsallaka Yeji.

Yanzu an ce yana tafe. An buɗe layin Tema zuwa Mpakadan mai tsawon kilomita 97 a Nuwamban 2024, kuma a taswirar da aka nuna mana, dogon da zai je Burkina Faso zai biyo ta Bimbilla da Yendi da Tamale har Paga. Allah ya nuna mana. To amma ni abin da ke damuna shi ne yadda za a sayar mana da tikitin, don na riga na ɗanɗana.

Bara goggona, mai fataucin albasa daga Bawku, ta sauka wurinmu za ta wuce Kumasi. Na ce yau zan nuna mata zamani. Na shiga manhajar wani kamfanin bas, na zaɓi kujera ta 14, na biya da MoMo. Kuɗi ya fita, saƙo bai zo ba. Na sake biya. Sai ga saƙo biyu a jere, duka kujera ta 14. Washegari a tasha muka tarar da wani dattijo ya miƙe ƙafa a kan kujerar, shi ma wayarsa na cewa 14. Yaron da ke kan tebur ya dubi allon, ya dube mu, ya ce "netwok ne". Goggo ta juyo ta ce, "Ɗana, kujera ɗaya ka saya mini sau biyu, kuma a tsaye zan tafi?" Duk tashar aka fashe da dariya. Kuɗin na biyu kuwa sai da na yi mako uku ina kiran lambar da ba a ɗauka.

Kuskuren Norway ya ƙare a raha saboda akwai mai ikon gyarawa nan take. Namu yakan ƙare a aljihun talaka. Na'ura dole ta yi tuntuɓe, wannan ba na musu. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a zaunar da ma'aikaci a bayan tebur ba tare da ikon mayar wa fasinja kuɗinsa ba, aikinsa kawai ya ce netwok.

'Yan'uwanmu na Najeriya sun riga mu gani. A Janairun 2021 aka fara sayar da tikitin Abuja zuwa Kaduna ta intanet don a kashe kasuwar 'yan bunburutu, amma fasinjoji suka ci gaba da kukan cewa kujeru na ɓacewa a manhaja cikin mintuna, sannan a same su a hannun wani a bakin tasha da ƙarin kuɗi.

Saboda haka tun dogon yana Mpakadan ya kamata 'yan majalisarmu su sa baki. A bar tagar sayar da tikitin takarda a kowace tasha, a ba mai ita ikon biyan wanda aka cire wa kuɗi sau biyu a ranar. A yi tsarin da ƙaramar waya mai madannai za ta iya, don ita ce a hannun yawancin matan kasuwa. Sanarwa kuma a yi ta da baki, da Dagbanci da Hausa, ba rubutun Turanci a allo kaɗai ba.

Goggo dai ta isa Kumasi a kan benci kusa da yaron mota. Tun daga ranar, da kuɗi a ƙulle a bakin zane take zuwa tasha, ta kuma hana ni taɓa mata waya.