Majigi Ba Ya Ciyar Da Masaƙi

Mu da muke karatun zamani mun saba ɗaukar sana'ar hannu a kan abin ajiyewa a gidan tarihi. Abin da ya faru a ƙauyukan Ailan ya isa ya sa mu sake tunani.

A ƙasar akwai wata al'umma ta matafiya, waɗanda a da suke bin gidajen manoma suna ƙera bokiti da kwanon gwangwani, suna kuma liƙe tukwane. Da kayan roba suka cika kasuwa wajen shekarun 1960, sai sana'ar ta durƙushe, maƙeran suka kwarara gefen birane ba aikin yi. Gwanintarsu ba ta ragu ba, masu saye ne suka gudu.

Masaƙan ulu na lardin Donegal kuwa sun sami gata. Tun 1866 kamfanin Magee yake cinikin yadinsu, sa'an nan hukumar da aka kafa a 1891 don agaza wa matalautan yammacin ƙasar ta taimaka da ingantattun masaƙai, aka kuma riƙa duba ingancin yadi a kasuwar Ardara. Gaskiya ne yanzu inji ke saƙa mafi yawansa, amma har yau akwai masu saƙa da hannu, kuma ana neman yadin har Amurka.

Daga 1978 zuwa 1989 David Shaw-Smith ya zagaya karkara yana ɗaukar majigin masaƙa da maƙera da masu baibayar gida da masu ƙera kwalekwale, talabijin ɗin ƙasar yana nunawa. Aiki ne abin yabo, sai dai majigi ba ya ciyar da masaƙi, ba ya kuma zaunar da yaro a gindin masaƙa ya koya.

Wani zai ce ai roba ta fi araha, kuma talaka bai yi laifi ba da ya saye ta. Haka ne. Ba kowace sana'a ce za ta tsira ba. Amma wadda ta sami kasuwa da almajirai da hukuma mai kula, ta kan rayu.

Gobe mu ne za mu zauna a ma'aikatun ciniki da na ilmi. Ran da marini ko majemi ya zo ofishinmu, kada mu sallame shi da alkawarin bikin nunin al'adu. Mu tambaye shi wa ke sayen kayansa, wa kuma yake koya wa. Allah ya sa mu gane.