A Bar wa Samurai Sifirinta

A garejin bayan gida na Amurka da Ostareliya akwai wani aiki da masu sha'awar motocin daji suka mayar abin alfahari. Mutum zai sayi tsohuwar Suzuki Samurai, ƙaramar jif ɗin nan da nauyinta bai kai tan ɗaya ba, ya ɗora ta bisa jak, ya kwance dogayen fallayen ƙarfen da ke ɗauke da ita, ya datse mazaunansu daga jikin shasi, sannan ya yi waldar sababbin mazaunai ya dasa sifirin naɗi, wato irin mai kama da murɗaɗɗiyar waya. Bayan 'yan watanni sai ga bidiyo a YouTube: motar ta ɗora ƙafa ɗaya bisa dutse, ta zura ɗaya cikin rami, jikinta kuwa a miƙe. Masu kallo su yi ta yabo, masu sayar da kayan sauyin su yi ta ciniki, har magana ta zauna cewa sifirin falle tsohon yayi ne, wanda duk ya bar shi a motarsa bai waye ba.

Wannan magana ɓata ce, kuma tana iya cin rai. Ga motar da za ta hau kwalta, ta ɗauki mutane ko kaya, ta sha kwana da gudu, wannan sauyi ya fi kusa da ganganci a kan gyara. Dalilin kuwa yana cikin ƙarfen da ake cirewa.

Aikin da fallayen ke yi

Sifirin falle tarin siraran ƙarafa ne da aka jera bisa juna, dogo a sama, gajeru a ƙasa, aka ɗaure tsakiyarsu a jikin aksul. Bakinsa ɗaya a kafe yake da shasi, ɗaya bakin kuma yana rataye a wani ɗan ƙarfe mai lilo, domin fallayen su sami damar miƙewa idan nauyi ya danne su. Mai kallo daga nesa zai ɗauka aikinsa ɗaya ne, wato ɗaukar nauyi. Alhali ayyuka huɗu yake yi a lokaci guda. Yana ɗauke da motar. Yana riƙe aksul kada ya zame gaba ko baya. Yana hana shi gocewa dama ko hagu idan an sha kwana. Yana kuma tare shi kada ya murɗe a kan kansa lokacin da inji ya ja ko aka taka birki. Har gogayyar da fallayen ke yi da juna tana rage wa motar tsalle.

Sifirin naɗi kuwa aiki ɗaya tak ya iya. A danna shi ya lotsa, a sake shi ya dawo. Idan aka tura shi ta gefe sai ya lanƙwashe. Saboda haka ranar da aka cire fallayen, sauran ayyukan sun zama marayu, dole a ƙera musu masu yi. Sai an sa dogayen hannuwan ƙarfe daga shasi zuwa aksul su riƙe shi gaba da baya, su kuma hana shi murɗewa. Sai an gitta wata sanda daga gefe ɗaya na shasi zuwa ɗaya gefen aksul, wadda ake kira sandar Panhard, da sunan kamfanin motoci na Faransa, ita ce za ta hana gocewa. Sai an sake mazaunin shokazoba, an ƙara tsawon tiyon birki, an duba kwanciyar farfela, an sa robobin da za su tare aksul kafin ya daki inji. Duk wanda ya ce sifirin kawai ya canja, bai faɗi gaskiya ba. Ƙasan motar gaba ɗaya ya sake zanawa, aikin da kamfani ke ɗaukar injiniyoyi da filin gwaji domin yin sa.

Hujjar da ake kafawa

Masu goyon bayan sauyin suna da hujja, kuma ba a raina ta. Range Rover ta fito da sifirin naɗi tun 1970. Land Rover ta bi sahu a 1983 da samfurin One Ten. Toyota ta sa shi ƙafa huɗu a Land Cruiser 80 a 1990. Jeep ta bar fallaye lokacin da Wrangler TJ ta gaji YJ a samfurin 1997. Ita kanta Suzuki ta sa wa Jimny sifirin naɗi a Japan a 1995, sabuwar Jimny ta 1998 kuma da shi ta fito. Sifirin naɗi ya fi laushi a gargada, yana barin ƙafa ta sauka cikin rami ta ci gaba da taka ƙasa, kuma ba ya barin kan falle ya tsero gaban taya ya riƙa karo da dutse. Tun da masu ƙera motocin sun koma can, in ji su, mai ƙaramar jif yana bin sawun manya ne kawai.

Sai dai wannan jerin shekaru hujja ce a kansu. Babu ɗaya cikin waɗannan kamfanoni da ya ɗauki tsohuwar mota ya yanke fallaye ya liƙa naɗi. Kowannensu ya fito da sabon samfuri ne, an tsara mazaunan hannuwa da ƙarfin shasi da tsarin sitiyari tare, an gwada, an gyara, an sake gwadawa. Abin da tarihin ke nunawa shi ne sifirin naɗi yana da kyau a motar da aka haifa da shi.

Akwai kuma ɓangaren tarihin da ba a cika ambata ba. A 1999 Toyota ta sa sifirin naɗi a gaban Land Cruiser 78 da 79, amma ta bar fallaye a baya, kuma har yau suna nan. Hilux ma da fallaye take ɗaukar kaya. Waɗannan su ne motocin da ke ratsa sahara tsakanin Agadas da Dirku da lodin da ya fi ƙarfin misali. Indiya ta yi ta ƙera Maruti Gypsy, 'yar'uwar Samurai, da fallayenta tun 1985 har fiye da shekara talatin, sojoji da 'yan sandan ƙasar suna aiki da ita. Ba rashin wayewa ya sa haka ba. Idan falle ɗaya ya karye a daji, sauran suna riƙe da motar, direba ya ɗaure da itace da waya ya lallaɓa zuwa gari. Idan waldar mazaunin sandar Panhard ta ɓalle, aksul ya sami 'yanci, sitiyari kuma ya zama ado.

Lissafin da bidiyo ba ya nunawa

Sandar Panhard ba ta tafiya a miƙe sama da ƙasa, zagaye take yi kamar hannun agogo. A ɗauki sanda mai tsawon santimita 80. Idan a kwance take daidai, aksul ya sauka santimita 15, zai goce gefe da abin da bai kai santimita ɗaya da rabi ba. Idan kuwa an ɗaga motar har sandar ta riga ta karkata da santimita 20, wannan saukar ta santimita 15 za ta ja aksul gefe da fiye da santimita 5. Sanda ɗaya ce, rami ɗaya ne, bambancin mazauni kawai ya ninka gocewar kusan sau huɗu.

Abin bai tsaya nan ba. Akwai wata sandar da ke kai umarnin sitiyari zuwa ƙafafun gaba. Dole ta yi kusan tsawo ɗaya da sandar Panhard, su kuma kwanta a layi ɗaya. Idan suka saɓa, duk lokacin da taya ta faɗa rami ƙafafun za su juya da kansu, direba bai taɓa sitiyari ba. A kan duwatsu, inda ake tafiyar hawainiya, wannan abin dariya ne. A kan kwalta, da gudun kilomita 90, ga babbar mota tana tahowa, babu mai dariya. Haka nan idan hannuwan ƙarfen suka sauya kwanciyar aksul na gaba, sitiyari zai daina komawa tsakiya da kansa bayan kwana. In aka haɗa da bushin da ya saki, ana iya samun karkarwar nan mai tsanani da Amurkawa ke kira makyarkyatar ajali, wadda ba ta lafawa sai an rage gudu ƙwarai.

Sannan ga batun kifewa, wanda tarihin Samurai ya sa ba za a tsallake shi ba. Motar ta shiga kasuwar Amurka a 1985 ta sami karɓuwa. A 1988 mujallar Consumer Reports ta ayyana ta a matsayin wadda ba ta cancanta ba, bisa zargin tana saurin kifewa a kwana. Suzuki ta musa, hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka ta ƙi ba da umarnin janye ta, amma ciniki ya faɗi, aka daina sayar da ita a can a 1995. Kamfanin ya kai ƙara a 1996, aka sasanta a 2004. Ko wa ke da gaskiya a wannan shari'a, ma'aunin motar bai canja ba: tsakanin ƙafafun gaba da na baya mita biyu ne da 'yan kai, faɗin takunta kuwa wajen santimita 130. Gajera ce, siririya, mai tsayi.

Juriyar mota ga kifewa tana rataye ne a kan faɗin taku da tsayin cibiyar nauyi. Idan cibiyar tana santimita 60 daga ƙasa aka ɗaga ta zuwa 70, faɗi bai ƙaru ba, juriyar ta ragu da kusan kashi 14 cikin ɗari. Sauyin nan kuwa kusan kullum da ɗagawa yake zuwa, domin a sami wurin manyan tayoyi. A kan haka ake ƙara sifirin mai laushi, sau da yawa kuma a cire sandar da ke hana jiki kwantawa a kwana, saboda tana rage wa ƙafa sauka cikin rami. An ɗauki motar da aka riga aka yi gardama a kan tsayuwarta, an ƙara mata tsayi, an rage mata tauri. Garin gyaran gira ke nan.

Wa zai sa hannu?

A Jamus irin wannan sauyi ba ya hawa titi sai masu bincike irin na TÜV sun duba sun amince. A Ostareliya sai injiniya mai izini ya sa hannu. Waɗannan ƙasashe sun fahimci cewa mai walda da injiniya sana'a biyu ce. Mai walda na ƙwarai zai haɗa ƙarfe biyu su zama ɗaya, amma ba shi ne zai faɗi inda ya kamata a haɗa su ba, ko irin ƙarfin da zai sauka a wurin idan aka taka birki da gaggawa. Fallaye suna raba nauyi a wurare biyu masu nisa a kowane gefen shasi. Naɗi yana tara shi wuri guda, a inda kamfani bai ƙarfafa ba, a jikin ƙarfen da ya shekara talatin yana shan tsatsa. Zafin walda kansa yana iya lanƙwasa bututun aksul.

A nan ne maganar ta shafi duk ƙasar da bidiyon ke isa amma mai binciken ba ya isa. Inda ba a tambayar takardar injiniya, mai motar da mai waldarsa su ne alƙalai, su ne shaidu. Gwajin farko kuma a kan titin jama'a za a yi shi, tsakanin 'yan makaranta da masu babura, waɗanda ba a nemi shawararsu ba.

Abin da ya fi

Kukan mai Samurai gaskiya ne: motar tana da tauri, tana jijjiga ƙashi. Amma maganin yana nan kusa, kuma da araha. Fallayenta gajeru ne, shi ya sa masu gyara da yawa a Amurka ke sa mata na Wrangler YJ, waɗanda suka fi tsawo da laushi. Wannan ma yana buƙatar matsar da mazauni, sai dai fallayen suna ci gaba da yin ayyukansu huɗu. Akwai sifirin falle na zamani mai fallaye kaɗan, masu kauri a tsakiya da sirantaka a baki, wanda ba shi da yawan gogayya. Akwai shokazoba mai kyau da ta dace da nauyin motar. Akwai sabunta bushin, da wanke tsatsar da ta manne fallayen har suka zama kamar ƙarfe ɗaya. Akwai rage iskar taya idan an sauka daga kwalta. Wanda kuma ransa ya kafe a kan naɗi, Jimny ta 1998 zuwa sama tana kasuwa, an riga an yi masa lissafin, an kuma gwada.

Saura mutum ɗaya da wannan suka ba ta hau kansa ba: wanda ya gina motarsa domin duwatsun Moab a jihar Utah ko hanyar Rubicon a Kalifoniya, ya sa mata kejin ƙarfe, yake kai ta filin wasa a bisa tirela, yake kuma dawo da ita a bisa tirela. Wannan ya san abin da ya ƙera, kasadar kuma tasa ce shi kaɗai. Laifin masu tallar shi ne sun ɗauki kayan wasansa suna sayar wa mai zuwa kasuwa da gona a matsayin ci gaba, ba tare da sun nuna masa tirelar ba.

Kafin kowa ya kunna na'urar yankan ƙarfe, ya kamata ya iya amsa tambayoyi uku a rubuce: me zai riƙe aksul idan walda ɗaya ta saki, santimita nawa cibiyar nauyi za ta tashi, kuma wane masani ne ya duba zanen ya yarda ya sa sunansa. Wanda ba shi da amsar ko ɗaya daga ciki, ya mayar da na'urar, ya sayi shokazoba.