Filin Turanci: Mene Ne Ma'anar "Mushy"?



Wani malamin makaranta ya aiko da tambaya, ya ce ya ji Turawa suna cewa abu ya yi "mushy", ya duba ƙamus ya tarar an ce "soft", watau mai laushi. To, shi yana so ya sani, shin ashe duk ɗaya ne? Malam, matambayi ba ya ɓata. Amsa ita ce, kama da wane ba wane ba ne.

Bari mu fara da yadda ake faɗinta. Mutanen Landan da yawancin na Amurka sukan ce "mashi", na arewacin Ingila kuwa su ce "mushi". Kada wannan ya ruɗe ku, gama ba ruwanta da mashin yaƙi, ba ta kuma haɗa dangi da mushe ba.

Tushenta "mush" ne. Tun ƙarni na 17 Turawan da suka zauna a Amurka suke kiran garin masara da aka dafa cikin ruwa ko madara da wannan suna, abin da ya fi kunu kauri amma bai kai tuwo ba. Harafin "y" da aka liƙa a ƙarshe aikin "mai" ɗinmu yake yi. "Salt" gishiri ne, "salty" mai gishiri. "Sand" yashi ne, "sandy" mai yashi. Saboda haka "mushy" shi ne abin da ya koma kamar wannan dafaffen gari.

Ga inda bambancin yake. Auduga tana da laushi, matashin kai yana da taushi, amma Bature ba zai kira ko ɗaya daga cikinsu "mushy" ba. Sai abu ya haɗa hali uku: ya yi laushi, ya jiƙe, sa'an nan ya rasa siffarsa ta asali. Shinkafar da aka cika wa ruwa har ta caɓe, ayabar da ta nuna har ta wuce misali, tumatirin da aka danne a ƙasan kwando har ya dame, duk waɗannan su ne. Ba yauƙin kuɓewa ba ne, ba kuma danƙon ƙaro ba. Kun ga ashe Hausa tana da kalmar a hannu, caɓewa ke nan, ko damewa.

Ku lura kuma, galibi kushe ce, ba yabo ba. Nan ne ya kamata akawuna da tafintoci su buɗe ido. A ce ɗan kasuwa ya aika da mangwaro Ikko, mai saye ya rubuto cewa kaya sun iso "mushy". In akawu ya fassara masa da "sun iso da laushi", sai mai kaya ya yi tsammani an yaba da nunarsu, ya zauna yana jiran kuɗi, alhali kuwa cewa aka yi sun lalace. Kalma ɗaya tak ta sa hasara ta zama albishir a kunnen mutum.

Amma fa akwai inda take zama sunan abin marmari, gama abincin wani gubar wani. A Ingila, musamman arewacinta, akwai abincin da ake kira "mushy peas". Wani irin koren wake ne da akan bari ya bushe a gona. Sai a jiƙa shi ya kwana cikin ruwa tare da wani farin gari da suke kira soda, da safe a ɗauraye, a dafa har ya narke, a ci da soyayyen kifi da dankalin Turawa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Sodan nan dangin kanwa ce, aikin da take yi kuwa shi ne wanda kanwa take yi sa'ad da matanmu suka jefa ta cikin tukunyar wake don ya dahu lugub da wuri.

Tana da ma'ana ta biyu, wadda ta shafi zuciya. In aka ce wasiƙa ko labari ya yi "mushy", ana nufin an cika shi da daɗin bakin soyayya har magana ta rasa ƙashi. Wannan ma ba'a ce.

Abu na ƙarshe, kalmar ta hira ce, ta cikin gida da kasuwa. Yadda ba ka rubuta wa Sarki takarda da irin bakin da kake wasa da abokinka, haka nan ba a sa ta cikin rahoton ofis. Akwai "overripe" don abin da ya wuce nuna, da "overcooked" don abin da ya wuce dahuwa, su ne suka dace da takardar aiki.

Shawarata ga malaman makaranta ita ce, in irin wannan kalma ta taso, kada a tsaya ga "laushi" kaɗai. A sa yara su lissafta namu tukuna, laushi da taushi da yauƙi da danƙo da caɓewa, sa'an nan a nuna musu gurbin da ta Turancin ta faɗa. Wanda ya iya rarrabe su a harshensa ba zai haɗa su wuri ɗaya a harshen wani ba.

Mai wata kalma da ta shige masa duhu ya aiko ta hannun Edita. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Naku,
Akawu