Masoro da Tari: Har Yaushe Za a Jira?

Da wuya a sami gidan da ba masoro. Yana cikin miya, yana cikin yajin mai jego, idan sanyi ya kama mutum kuma akan daka shi da citta da kanumfari a sha. Ni ma a gidanmu haka na tashi na gani, kuma ban raina shi ba.

Masoro iri biyu ne a kasuwanninmu. Akwai namu na Afirka, mai ɗan wutsiya a jikin ƙwayar, wanda ke fitowa a dazuzzukan kudancin Kamaru da Nijeriya. Akwai kuma mai ƙwaya a dunƙule, wanda asalinsa kudancin Indiya ne. Yau Biyetnam ta fi kowace ƙasa noma shi, ana kuma noma shi a Penja, nan Kamaru. Dukansu tsire-tsire ne masu yaɗo, suna hawa itace, suna son ruwan sama da inuwa, shi ya sa ba ma ganinsu a gonakinmu na arewa. Na Indiya akan tsinke 'ya'yansa tun ba su nuna ba, a shanya, su yi baƙi.

Zafin nan nasa yana sa yawu ya zubo, yana buɗe hanci, yana sa mai jinya ya ji daɗin abinci. Wannan amfani ne na gaske. Amma ba ya kashe ƙwayar cutar da ta shiga huhu. Abin da ke damuna shi ne kwanakin da ake ɓatawa ana jiran ya yi aikin da ba nasa ba. Sau da yawa akan kawo mana yaro yana numfashi da ƙyar, uwar ta ce kwana biyar ke nan tana ba shi jiƙo. Ba ta yi sakaci ba, abin da ta sani ta yi. Da ta zo rana ta biyu, da aikin ya zo da sauƙi.

Don haka ga shawarata. Babba mai mura ya sha jiƙonsa, ba laifi. Amma idan tari ya wuce mako 2, ko akwai jini a majina, ko rama, ko zufa da dare, ku zo a gwada majinar. Tarin fuka yana warkewa da maganin wata 6.

Ga yaro kuwa, ku ɗaga rigarsa ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya lokacin da yake kwance shiru. Daga wata 2 zuwa shekara 1, idan ya kai 50, ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, idan ya kai 40. Idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya ƙi nono, ku taho ranar nan, ko da dare ne.

Kada a ɗura wa yaro garin masoro a baki, yana iya shaƙe shi. Kada a sa a idon mai jijjiga. Jariri ƙasa da wata 6 nono kaɗai ya ishe shi, zuma kuma sai ya cika shekara. Mai shan maganin farfaɗiya ya tsaya ga ɗan abin da ke cikin miya, gama masoro mai yawa yana iya ƙara ƙarfin maganin a jini.

In kun zo, ku gaya mana abin da kuka riga kuka sha, ba za mu yi muku faɗa ba. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana yaranmu.