BINDIGAR ZAƁE BA TA SAN AN GAMA ZAƁE BA

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma na san abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu daɗi ba. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, sannan mai raddi ya yi.

Duk lokacin da siyasa ta ɗau zafi a ƙasar nan, sai wani irin saƙon murya ya fara yawo a WhatsApp. Mai maganar ba ya faɗin sunansa. Zai sassauta murya ya ce yana da majiya mai tushe, "waɗancan mutanen" sun gama shiri, an shigo musu da kaya, mu kaɗai muke sharar barci. Sai ya rufe da cewa kowane magidanci ya nemi bindiga ya ajiye, ya tara harsasai, don ba a fafe gora ranar tafiya. A da dariya nake yi in na ji. Dariyar ta tsaya ne ranar da wani abokina da muka gama Poly tare, mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa, ya gaya mini ya shiga adashe, kuma in ya kwasa ba babur zai saya ba.

Ni dai ra'ayina shi ne wannan shawara muguwa ce, kuma mai bin ta yana haƙa wa unguwarsu rami ne da kuɗinsa. Ga dalilaina.

Na farko, zaɓe kwana ɗaya ne, rikicinsa ya yi tsawo ya kai mako, amma bindiga ƙirar AK-47 tana shekaru da dama tana aiki. Me za ta yi bayan an rantsar da wanda ya ci? Jihar Ribas ta riga ta ba mu amsa. Gabanin zaɓen 2003, kamar yadda ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana a rahotanninta, 'yan siyasa sun raba wa matasa kuɗi da makamai don su yi musu banga. Aka gama zaɓe, iyayen gida suka ɗare kujeru suka manta da yaransu, su kuma yaran suka ƙi mayar da bindigogin. A 2004 ɓangarorin Ateke Tom da Asari Dokubo suka riƙa ɓarin wuta a Fatakwal da kewaye. Daga nan sai satar ɗanyen mai, fasa bututu, da sace ma'aikatan kamfanoni don kuɗin fansa. Sai a 2009 marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya yi shelar afuwa, gwamnati ta koma tana biyan tubabbu naira 65,000 a wata don su ajiye makamai. Shekara shida ana biyan bashin zaɓe guda.

Mu ma a Arewa ba baƙi ba ne ga wannan. Gombe ta san Kalare, Bauchi ta san Sara-suka, Kano ta san 'yan jagaliya. Duk da sunan kare ɗan takara aka riƙa shayar da su, da aka gama kuma suka juyo kan masu waya a lungu da masu shago a bakin titi. Waɗannan fa da adda da barandami suka addabe mu. Ina ɗan firamare aka yi rikicin bayan zaɓen 2011, wanda ya ci rayuka sama da 800 cikin kwana uku a jihohi goma sha biyu na Arewa. Abin da na fi tunawa shi ne hayaƙin taya da dokar hana fita. Mafi yawan abin da aka riƙe a garuruwanmu a lokacin gora ce da adda da fetur. Ku ƙiyasta da a ce kowane gida akwai buhun harsashi a ƙarƙashin gado.

Na biyu, a wajen wa za ka saya? Dokar makamai ta 1959 ta ce bindigar yaƙi irin AK-47 ba mai riƙe ta sai da lasisin shugaban ƙasa. Ke nan abokina ba kanti zai je ba, dillalin ɓoye zai nema. Wannan dillalin kuwa shi ne dai wanda ake kama yaransa da harsasai a buhun hatsi ko jarkar manja za su kai daji. Kasuwar ɗaya ce. Kuɗin adashenka jari ne ka ƙara masa ya saro wani kayan, wanda mafi tsoka daga ciki zai tafi wurin 'yan bindigar da kake tsoro, tunda su ne manyan kwastomominsa, kuma sun fi ka kuɗi. Sannan ya san gidanka, ya san abin da ka ajiye, ya san wanda zai gaya wa.

In kana ganin kai za ka iya tsare taka, ka duba waɗanda aikinsu ke nan. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai bindigogi AK-47 guda 88,078 da rundunar 'yan sanda ta kasa faɗin inda suke. Hukumar da ke da rumbun makamai da rajista da masu gadi ke nan. To ina ga ɗakin haya mai ƙofar langa-langa, da ƙannenka da 'ya'yan maƙwabta suna shiga suna fita?

Na uku, tsoro yaɗuwa yake yi. Mai saƙon muryar nan yana da takwara a ɗaya ɓangaren, shi ma yana gaya wa nasa mutanen cewa mun gama shiri. Ranar da maƙwabcinka ya ji ka sayi bindiga, ka gaskata masa jita-jitar da yake kokwanto, shi ma sai ya saya. Kai kuma ka ji ya saya, ka ce ai dama na faɗa. Daga nan faɗan yara a bakin famfo ya ishi unguwa ta kama da wuta.

Na san hujjojin da za a kawo mini, bari in taɓa su tun kafin a rubuto.

Wasu za su ce ai a Amurka kowa na da bindigarsa. Gaskiya ne, kundin tsarin mulkinsu ya ba su dama. A 2020, da annobar korona ta haɗu da zanga-zangar kisan George Floyd da zaɓen Trump da Biden, Amurkawa sun yi rububin sayen bindiga har harsashi ya yi wahalar samu a kantuna. Yaƙin basasar da suke tsoro bai zo ba. Abin da ya zo shi ne a 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar harbi, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Bindigar da aka saya don baƙon da zai haura katanga, mai gidan ta fi ci. Wannan fa ƙasa ce mai binciken mai saye, da kotuna da asibitocin da ke aiki.

Hujja mafi nauyi ita ce ta Zamfara da Katsina, kuma ba zan raina ta ba. Manomin da aka kwashe wa shanu, aka sace masa mata, ya buga waya ba wanda ya zo, ba ni da bakin yi masa wa'azi don ya kwana da bindigar toka a gefensa. Amma mu duba yadda manya suka yi amfani da halin da yake ciki. A 2021 Gwamna Aminu Masari ya ce mutanen Katsina su nemi makami su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19 na Zamfara don neman lasisin bindiga, sai babban hafsan tsaro Janar Lucky Irabor ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Talaka ya tsaya a tsakiya, ba lasisi, ba tsaro. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Shugaban da ya ce ka sayi bindiga, aikinsa ya sauke maka a ka, shi kuma ya shige ayarin motocinsa da 'yan sanda gaba da baya. Kuma Zamfarar ce ta nuna mana ƙarshen makami ba tare da doka ba: 'yan sa-kai sun tashi da niyyar kare ƙauyukansu, wasunsu suka koma kashe Fulani a kasuwanni ba shari'a, ramuwar gayya ta biyo baya, har gwamnatoci suka riƙa haramta su. An gudu ba a tsira ba.

Rigimata da ɗan birni ce, wanda ba ɗan bindigar da ya taɓa shiga unguwarsu, amma yana tara harsashi saboda zaɓe. Wannan ba ɓarawon daji yake jira ba, maƙwabcinsa na wata jam'iyyar ko wani addinin yake jira. Gara ya faɗi gaskiya ya daina fakewa da kare kai.

To me za a yi, a naɗe hannu? A'a. Tanadin da ke da amfani shi ne dattawan unguwa na kowane ɓangare su zauna tun kafin zaɓe, da mai unguwa da liman da fasto da shugabannin matasa, kowa ya riƙe lambar wayar ɗan'uwansa. 'Yan sintiri su zama masu rajista da sanin DPO. Ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a tambaye shi a bainar jama'a me zai yi a kan tsaro, kuma wa ke ciyar da yaran da ke bin motarsa da makami. Saƙon muryar da ba shi da suna kuwa, ya mutu a wayarka.

Abokina bai kwashi adashensa ba tukuna, saura wata biyu. Yana cikin wannan zaure, kuma na san zai karanta. Malam, don Allah ka sayi babur ɗin.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Mai ja da ni, ina sauraron hujjarsa.